Wa Ya Biya Kuɗin Koyon Makaɗin Ogan? Tarihin Da Ya Ratsa Ta Jos



Da yawa cikinmu mun taɓa ganin wannan abu. Ranar Lahadi da safe, mai jagorar sujada ya kira lambar waƙa daga Littafin Waƙoƙi, jama'a sun miƙe tsaye, amma kujerar da ke gaban kibod ba kowa a kai. Yaron da yake kaɗa mana ya sami gurbi a jami'a, ko kuwa ya tafi bautar ƙasa. Sai wata uwa daga layin zumuntar mata ta ɗauko waƙar da muryarta, mu kuma muka bi ta. Allah ya karɓi sujadarmu, babu shakka. Amma bayan an tashi, tambayar da muke ji a bakin dattawa ita ce, "A ina za mu samo wani?" Da wuya mu ji an ce, "Wa za mu koya wa, wa kuma zai biya?"

Ikilisiyoyin Turai da Amurka sun daɗe suna fama da wannan tambaya ta biyu. Ɗaya daga cikin amsoshin da suka samo ita ce tallafin karatu: a ɗauki matashin da hannunsa ya riga ya saba da fiyano, a biya masa malami, a ba shi makullin majami'a, ya koyi kaɗa ogan domin hidimar sujada. Bari mu bi sawun wannan al'ada, gama za mu ga ta ratsa ta ƙasarmu.

Me ya sa mai fiyano yake bukatar sabon karatu?

Wanda ya hango su daga nesa zai ce fiyano da ogan abu ɗaya ne, tun da dukansu suna da madannai farare da baƙaƙe. A ciki kuwa ba su haɗa hanya ba. Idan ka danna fiyano, wata 'yar guduma ce take bugun tsirkiya, sautin ya tashi, ya yi ta raguwa har ya mutu. Ka danna da ƙarfi ya yi ƙara, ka danna a hankali ya yi laushi. Ogan na asali kuwa da iska yake aiki. Ka ɗauka ɗaruruwan sarewa ne, wani lokaci dubbai, aka jera su a tsaye, wata kamar ɗan yatsa, wata ta fi mutum biyu tsawo. A dā mutane ne suke tura musu iska da zugazugi irin na maƙera, yanzu injin lantarki ne. Muddin yatsanka yana kan madanni sautin ba zai ragu ba, da ka ɗaga kuma zai yanke nan take. Ƙarfin dannawa ba ya ƙara masa ƙara. Saboda haka dole mai fiyano ya sake koyon yadda yatsu za su riƙa miƙa wa juna madanni ba tare da waƙar ta tsinke ba.

Ba nan abin ya tsaya ba. Fiyano yana da jeri ɗaya mai madannai 88. Ogan yakan kasance da jeri biyu, uku ko huɗu, kowanne sau da yawa mai madannai 61. A ƙasa kuma akwai wani jeri na katako mai madannai 30 ko 32 wanda ake kaɗawa da ƙafafu, da tsinin takalmi da diddige, ba tare da an sunkuya an duba ba. Ƙafafun ne suke ɗauke da murya mai kauri, hannun hagu kuwa, wanda ya saba da wannan aiki a fiyano, sai ya koma riƙe muryar tsakiya. Ga kuma maɓallan da ake ja domin zaɓen irin muryar da za ta fito. Bisa duka, makaɗin ogan jagoran jama'a ne: shi ne yake nuna musu saurin waƙa, yana ba su sararin numfashi tsakanin baiti da baiti.

Matsala ta ƙarshe ita ce babba. Mutum yana iya ajiye fiyano ko kibod a ɗakinsa, amma ogan jikin gini yake. Wanda yake so ya koya sai an buɗe masa majami'a, sai an samo masa malami, sai an ba shi lokaci. Shi ya sa tun fil azal makaɗin ogan yake fitowa daga aljihun wasu.

Maraya a makarantar Luneburg

Ogan ya girmi ikilisiya. Wani injiniya Bahelene mai suna Ktesibiyos ne ya ƙera na farko a Iskandariya ta Masar, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, kuma Romawa a filayen wasa suka riƙa kaɗa shi. A shekara ta 757 sarkin Rumawan Gabas ya aika wa Pepin, sarkin Farankawa, da ogan a matsayin kyauta. Daga baya ne a hankali ya shiga gidajen sufaye da manyan majami'u na Turai. Yaran da suke waƙa a waɗannan majami'u ana ciyar da su, ana koya musu karatu kyauta, daga cikinsu kuma ake samun masu hawa kujerar ogan.

Misalin da ya fi kowanne shahara shi ne na Johann Sebastian Bach na ƙasar Jamus. An haife shi a 1685, kafin ya cika shekara 10 kuma uwa da uba duk sun rasu. Wansa, wanda yake makaɗin ogan ne a garin Ohrdruf, shi ya ɗauke shi ya fara koya masa. A 1700, yana ɗan shekara 15, ya tafi makarantar majami'ar Mika'ilu a Luneburg. Makarantar tana da gurabe na musamman domin 'ya'yan marasa hali masu kyakkyawar murya: karatu kyauta, abinci da wurin kwana kyauta, da ɗan kuɗin kashewa, su kuma su yi waƙa a sujada. Ba a daɗe ba muryarsa ta yara ta fashe, amma ba a kore shi ba. A wannan gari ne ya kusanci babban makaɗin ogan Georg Böhm.

A 1703, yana da shekara 18, aka ba shi aikin ogan a garin Arnstadt. Bayan shekara 2 ya roƙi izinin mako 4, ya taka da ƙafa kimanin kilomita 400 zuwa Lubeck domin ya saurari dattijo Dietrich Buxtehude. Bai dawo ba sai bayan kusan wata 4, shugabannin ikilisiya kuma suka tsare shi da tambayoyi. A 1707 ya bar su ya tafi wani gari. Da dattawan Arnstadt za su yi lissafi irin na kasuwa, da sun ce sun yi asara. Amma maraya nan da aka ciyar a Luneburg shi ne ya zauna daga baya ya rubuta ƙaramin littafin ogan, mai gajerun kiɗe-kiɗe fiye da 40 a kan waƙoƙin sujada, domin masu koyo su saba da aikin ƙafa. Har yau da shi ake koya wa ɗalibai. A ƙarshen rubuce-rubucensa da yawa yakan sa haruffa uku, S.D.G., wato ɗaukaka ga Allah kaɗai.

Ingila: yadda sarƙa take tsinkewa, da yadda ake ƙulla ta

Tarihin Ingila ya nuna mana wani gefen. A 1644, lokacin yaƙin basasa, majalisar dokoki ta ba da umarni a cire ogan daga majami'u. Aka farfasa da yawa, aka watse ƙungiyoyin mawaƙa. Da aka mai da sarauta a 1660 aka kuma so a dawo da kiɗan sujada, sai aka tarar babu yaran da aka horar. Shekara 16 kacal ta isa ta yanke sarƙar. Sai da aka sake tattara yara daga sassan ƙasar aka fara daga tushe. Daga wannan sabon renon ne aka sami John Blow, daga baya kuma Henry Purcell, wanda ya hau kujerar ogan ta majami'ar Westminster a 1679 yana ɗan kimanin shekara 20.

A ƙarni na 19 sai aka fara tsara abin da hukumomi. A 1864 aka kafa kwalejin makaɗa ogan a Landan, wadda ta sami amincewar sarauta a 1893. Ita take shirya jarrabawa, kuma babban matsayinta, wanda ake taƙaitawa da FRCO, ana girmama shi a duniya. A 1927 Sydney Nicholson ya ɗauki aniyar barin babban aikinsa na makaɗin ogan a Westminster domin ya kafa makarantar kiɗan ikilisiya, saboda ya ga ƙananan majami'un karkara ne suka fi bukatar taimako. Ita ce aka sani yau da RSCM. Cikin ayyukanta har da kwasa-kwasai domin waɗanda za mu iya kira makaɗan dole: mai fiyano da fasto ya roƙa ya zauna a kan ogan don babu wani.

Amma tsarin da ya fi dacewa da batunmu shi ne na jami'o'in Oksfod da Kambirij. Yawancin kwalejoji a can suna da ɗakin sujada da ƙungiyar mawaƙa. Kwalejin takan zaɓi ɗalibi ta hanyar gwaji, ta ba shi ɗan kuɗi, ta biya masa malamin ogan, sau da yawa ta ba shi ɗaki mai fiyano a ciki. Shi kuma yana karatun digirinsa yana kaɗa ogan a sujada, a ƙananan kwalejoji har shi yake horar da mawaƙa. Ba sadaka ba ce, ba kuma albashi ba ne: koyo ne da hidima a haɗe. Waɗanda suke sauraron sujadar karatu tara da waƙoƙin Kirsimati da BBC take watsawa daga Kwalejin King a jajibirin Kirsimati, galibi hannun irin wannan ɗalibi suke ji. David Willcocks, wanda ya shugabanci mawaƙan wannan kwaleji daga 1957 zuwa 1974, da wannan gurbi ya shiga a 1939.

Daga Legas zuwa Jos

A nan ne labarin ya iso gida. Mishan na Ingila sun kawo waƙoƙinsu da kayan kiɗansu gaɓar Afirka ta Yamma, majami'ar Christ Church ta Legas kuma ta zama cibiyar kiɗan ogan a Nijeriya. Mutum uku ne za mu duba, domin kowannensu almajirin na gabansa ne.

Na farko shi ne Thomas King Ekundayo Phillips, wanda aka haifa a 1884. Ya karanta fiyano da ogan a Kwalejin Kiɗa ta Trinity a Landan daga 1911 zuwa 1914. Da ya dawo ya riƙe ogan da mawaƙan Christ Church har 1962, shekara 48 ke nan a kujera ɗaya. Bai tsaya a kaɗawa kawai ba, ya yi ta renon yara.

Cikin yaran nan akwai Fela Sowande, haifaffen Abeokuta a 1905, ɗan wani limamin Anglikan. A tsakiyar shekarun 1930 ya tafi Landan da niyyar karatun injiniya, amma kiɗa ya rinjaye shi. Da kiɗan jaz a kan fiyano ya riƙa ciyar da kansa, yana biyan malaman ogan daga guminsa. A 1943 ya ci jarrabawar FRCO har da lambobin yabo. Daga 1945 zuwa 1952 shi ne makaɗin ogan na mishan ɗin Metodis a Kingsway Hall cikin Landan. Ya ɗauki waƙoƙin sujada na Yarabawa ya gina manyan kiɗe-kiɗen ogan a kansu. Ɗaya daga ciki sunansa Obangiji. Ku sake karanta sunan: kalmarmu ce ta Ubangiji, wadda Yarabawa suka ara. A 1953 ya dawo ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya.

Na uku namu ne ta wurin haihuwa. An haifi Ayo Bankole a Jos a 1935. Mahaifinsa shi ne makaɗin ogan kuma shugaban mawaƙa a majami'ar Anglikan ta Luka Mai Tsarki a Jos, mahaifiyarsa ma malamar kiɗa ce. Ya yi sakandare a Legas. A 1954 ya kama aikin akawu a gidan rediyo, a can ya haɗu da Sowande, wanda ya ga baiwarsa ya shiga koya masa ogan, yana kuma taimaka wa Phillips a Christ Church. A 1957 gwamnatin tarayya ta ba shi tallafin karatu zuwa makarantar kiɗa ta Guildhall a Landan. Daga nan ya ci gurbin ɗalibin ogan a Kwalejin Clare ta Kambirij, inda ya zauna daga 1961 zuwa 1964, ya kuma sami FRCO kamar malaminsa. Gidauniyar Rockefeller ta sake tallafa masa ya karanci kiɗan gargajiya a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles. A 1966 ya dawo gida, ya yi aiki a rediyo, ya koyar a Jami'ar Legas, ya rubuta waƙoƙin sujada da Yarabanci, ya horar da ƙungiyoyin mawaƙa. A 1976 aka kashe shi tare da matarsa a Legas, yana da shekara 41. Babban rashi ne.

Mu ƙirga hannuwan da suka ɗaga wannan yaro: uba a majami'ar Jos, malami a gidan rediyo, dattijo a Christ Church, gwamnati, kwaleji, gidauniya. Baiwar daga Allah take, amma kowane mataki akwai wanda ya buɗe ƙofa.

Amurka: neman masu fiyano da gangan

A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 majami'u da yawa a Turai da Amurka suka fara rasa makaɗa. Tsofaffi suna ritaya, matasa kaɗan ne suke koyo, jita da ganguna kuma sun shigo sujada. Ƙungiyar makaɗa ogan ta Amurka, AGO, wadda aka kafa a 1896, ta lura cewa yara masu koyon fiyano suna da yawa, abin da suka rasa shi ne hanyar isa ga ogan. Tun ƙarshen shekarun 1980 take shirya sansani na 'yan kwanaki inda matasa masu fiyano suke taɓa ogan a karo na farko a gaban ƙwararru. Rassanta da dama a birane suna ba da tallafi: a gwada ɗalibi a fiyano, a haɗa shi da malami, a biya kuɗin darussa na wani lokaci, wata majami'a ta yarda ya riƙa gwaji a kan nata ogan, a ƙarshe ya kaɗa a gaban jama'a. A Jamus kuma, ƙasar da take da ogan kusan 50,000, wadda UNESCO ta sa sana'ar ƙera ogan da kiɗansa cikin gadon al'adun duniya a 2017, ikilisiyoyi suna da horo da jarrabawa domin masu wata sana'a da suke kaɗawa ranar Lahadi kaɗai.

Dabarar ɗaya ce a ko'ina: wanda ya iya fiyano ya riga ya ci rabin tafiya, sauran rabin kuwa ba zai iya shi kaɗai ba.

Me wannan tarihi yake faɗa mana?

Mu faɗi gaskiya. Yawancin majami'unmu ba su da ogan mai bututu, ba kuma lallai ne su samu ba. Ganga da tulu da kacau-kacau na iyayenmu mata ba su kasa ogan daraja a gaban Allah ba. Ba muna kira a kwaikwayi Kambirij ba ne. Abin da muke dubawa shi ne yadda muke riƙe masu baiwa.

A wurare da yawa ikilisiya takan tara kuɗi ta sayi kibod mai tsada da manyan lasifikoki, amma ba ta ware ko naira ɗaya domin koyar da wanda zai taɓa su. Yaro ya koya da kunne, daga waya ko daga aboki, ya iya mabuɗi biyu ko uku, sai kowace waƙa a ja ta zuwa can ko da muryar jama'a ba ta kai ba. Ba ya iya karanta muryoyi huɗu na waƙar littafi, don ba wanda ya taɓa nuna masa. Muna aiki da shi a sujada, a biki, a jana'iza, a taron farkawa, har ranar da zai tafi. Laifin ba nasa ba ne.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. A 1 Tarihi sura 25 an lissafta mawaƙa 288 da aka horar a ƙarƙashin Asaf, da Heman, da Yedutun, an kuma ambaci malami da almajiri tare a rabon aiki. Wato akwai makaranta a cikin hidimar Haikali. A Nehemiya sura 13 kuwa mun ga abin da ya faru da aka daina ba Lawiyawa da mawaƙa rabonsu: kowa ya koma gonarsa. Nehemiya bai tsawata wa mawaƙan ba, shugabanni ya tuhuma da yin watsi da Haikalin Allah. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mun san abin da wani dattijo zai ce: "In mun koya masa, zai tafi." Gaskiya ne, mai yiwuwa ya tafi. Bach ya bar Luneburg, ya bar Arnstadt. Bankole ya bar Jos tun yana yaro. Amma inda suka je, jikin Almasihu suka yi wa hidima, mu ma sau nawa muka ci moriyar wanda wata ikilisiya ta rena? Maganin tafiyar mutum ɗaya shi ne a koya wa biyu ko uku, a kuma sa sharaɗi cewa wanda aka koya wa zai koya wa na bayansa, kamar yadda Phillips ya miƙa wa Sowande, Sowande ya miƙa wa Bankole.

Zumuntar matasa tana iya farawa ba tare da jiran kowa ba. Mu zaɓi yara biyu masu sha'awa, mace da namiji, gama 'yan matanmu sun daɗe suna kallon kibod daga nesa. Mu nemi malami da ya iya karanta rubutun kiɗa, ko a kwalejin ilimi, ko a makarantar tauhidi, ko a wata ikilisiya ta maƙwabta. Mu ware baiko ɗaya a kowane wata uku domin kuɗin darasi da na mota. Mu roƙi dattawa su ba su makulli da man janareta na awa biyu a mako. Su kuma su ɗauki alkawarin kaɗa waƙar littafi ɗaya kowace Lahadi, da kyau, a mabuɗin da jama'a za su iya bi. Idan akwai majami'a mai ogan a garinku, ku je ku gaishe su, ku roƙa a bar yaranku su zauna a kai. Sau da yawa makaɗin da yake can ya daɗe yana jiran wanda zai tambaya.

Ku kuma da kuke kaɗa mana yanzu, kada ku raina koyo. Wanda ya taka kilomita 400 don ya saurari na gaba da shi ya riga ya zama gwani a garinsu kafin ya tashi.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji, mun gode maka domin waɗanda suka biya, suka koyar, suka buɗe ƙofa ga yaran da ba nasu ba. Ka gafarta mana inda muka ci amfanin baiwar 'yan'uwanmu ba mu rene ta ba. Ka ba ikilisiyarmu ido ta ga masu baiwa, da hannu ta tallafe su, domin yabonka kada ya yanke daga tsara zuwa tsara. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.